Koriya, Amma Ja

A gidanmu na Ƙanƙara duk abin da mace za ta shafa a jiki sai ya bi ta hannun Hajiya, kakata ta wajen uba. Ba Baba ya ɗora mata wannan aiki ba, ita ta ɗora ma kanta tun ranar da aka ɗauko ta daga Pauwa, lokacin da zaman ƙauye ya gagara. Dokarta ɗaya ce: in abu yana hana ruwan alwala taɓa fata, ba shi kwana a gidan. Kuma ba ta tsayawa dogon wa'azi. Ɗauka take ta nufi bayan gida tana ɗingishi, sai dai ki ji ƙarar faɗawarsa cikin masai. Haka ta yi da jan farcen yayata kafin ta yi aure, kwalba uku rana ɗaya. Haka ta yi da wani gashin ido na liƙawa da ban ko samu na gwada ba. Lalle kam ko kullum za ki ƙunsa ba ruwanta, ita ma ƙunsawa take, don a cewarta lalle ba shi da jiki, launi ne kawai ya shiga fata.

Shekarar da na gama sakandare, ni da 'yar gwaggona da ke Faskari ba mu da aikin da ya wuce kallon finafinan Koriya a waya. Sa'ata ce, kuma duk wani shirme da na taɓa yi a rayuwa da hannunta a ciki. Labarin finafinan bai dame ni ba, kullum wani ya manta wata ne ko wata ta faɗi a kan dusar ƙanƙara. Bakin matan nake kallo. Ja ne daga ciki, yana tahowa waje yana dusashewa, ba ƙyalli ba maiƙo, kamar sun tsotsi alawa sun manta ba su goge ba. Za su ci taliya, su yi kuka, ruwa ya dake su, bakin yana nan. Namu jan bakin na kasuwa kuwa kina shan ruwa rabinsa ya koma jikin kofi, sauran ya hau haƙora.

To sai ga bikin wata ƙawarmu ta makaranta a Sabuwa, ranar Asabar. An fidda anko, an ɗinka. 'Yar gwaggon tawa ta samo wata mata a Kaduna mai saida kayan kwalliya ta waya, ta saya mana guda biyu, ta ba direba nawa. Motar ta lalace a Sheme, saƙon ya kwana can, sai safiyar Alhamis aka kira ni na je tasha. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta gabas, Inna tana cewa in bari sai an jima, ban ko tsaya saurarenta ba. Da gudu-gudu na je, da gudu-gudu na dawo, 'yar ledar a cikin hijabi.

Na shiga ɗaki na sa sakata. 'Yar kwalba ce da ba ta fi ɗan yatsana tsawo ba, jikinta sumul, an yi rubutun Koriya kamar an watsa tsinken ashana da 'yan zobba. Kalma ɗaya na iya karantawa, wadda muke kira mat, wato ba ya ƙyalli. Na murɗe murfin sai ga ɗan tsinke mai soso a kai, da wani ƙamshi kamar na cingam. Wallahi sai da na yi tsalle a kan katifa, ni kaɗai, ƙatuwa da ni.

Ni ba ni da haƙuri, wannan kowa ya sani. Da ina da shi da na kira wadda ta aiko in tambaye ta yadda ake sawa. Ban kira ba. Na ja shi daga wannan kusurwar baki zuwa waccan kamar yadda muke jan na kasuwa, sama da ƙasa. Na duba madubi na ga abu ruwa-ruwa, ba wani ja na kirki. Na ce bai kama ba. Na ƙara. Sai hankalina ya tafi wajen lalle, wanda in kina so ya yi kyau sai kin lafta shi da kauri kin ba shi lokaci. Na lafta na uku, har na ɗan haura layin leɓe don bakin ya ƙara cika. Na zauna bakin gado baki buɗe ina yi masa fifita da murfin kwano, ina jira ya kama.

Ya kama kuwa. Cikin ɗan lokaci na ji leɓuna sun ɗaure kamar an shafa koko ya bushe, launin ya koma ja mai duhu irin na hantar rago. Ko kusa bai yi kama da na matan fim ba. Amma ni a lokacin ban ga haka ba, na ga wata hamshaƙiya ce a madubi. Na sumbaci bayan hannuna, ba abin da ya fito. Na kafa baki a kofin silba na sha ruwa, na duba, kofi fes. Na sake sha don kawai in sake dubawa. Na ɗauki hoto ya fi ashirin, na turo baki, na tsuke, na yi irin kallon nan ta gefen ido. Har ankon na ciro na yafa a kafaɗa ina zagaya ɗaki ina gaisawa da mutanen Sabuwa da ba su nan.

"Ke! Zo ki kai ma Hajiya kununta," in ji Inna daga madafa.

Nan na tuna akwai Hajiya a duniya.

Na sa gefen zane na goge, ko gezau. Na tofa miyau na murza, yana nan daram. Abin da nake ta murna a kansa minti biyar da suka wuce shi ne yanzu ya zame mani bala'i. Na ja hijabi na rufe har hanci, na ɗauki kwanon kunun ina kauda kai kada Inna ta gani.

Hajiya tana zaune a rumfar ƙofar ɗakinta kan tabarma, ta miƙe ƙafar nan mai ciwon gwiwa, tana jan carbi. Na aje kwano zan juya.

"Tsaya. Mi kike rufe baki kamar mai ciwon haƙori?"

"Mura nake, Hajiya."

"Murar da ta bar ki kika yi gudu har tasha? Sauke in gani."

Na sauke. Ta daɗe tana kallona, carbin ya tsaya a hannunta.

"Inna lillahi. Wa ya buge ki?"

"Ba wanda ya buge ni. Jan baki ne."

"Wanga ba jan baki ba ne, na san jan baki. Ɗauko mani abin."

Na ɗauko, don in ban ɗauko ba ita za ta tashi ta ɗauko, kuma in ta shiga ɗakina ba shi kaɗai zai tafi ba. Ta karɓa, ta kai kusa da ido, ta juya ta sake juyawa.

"Hajiya ki riƙe da kyau don Allah, 'yar Koriya ce."

"Koriya?" Ta ɗaga kwalbar sama wajen haske. "Ni dai ja nike gani. Ko idon ne ya ida mutuwa?" Ta ɗaga murya: "Ke uwar ɗiyar ga, zo ki duba mani, wai kwalbar nan koriya ce?"

Inna ta fito da muciya a hannu, ta kalli kwalbar, ta kalle ni, sai ta juya mana baya kafaɗunta na rawa.

"Ba koriya ta ganye ba, Hajiya," na ce. "Ƙasa ce. Can wajen su Sin."

"To su can ba su san ja ba ne da za su sa ma ƙasa suna koriya su riƙa aiko da ja? Matso nan, ja'ira."

Na durƙusa gabanta. Ta jawo butarta, ta tsiyaya ruwa a tafin hannu, ta ɗiga mani a leɓe da yatsa. Ina ji ruwan ya taru ya gangaro ta haɓa bai ko tsaya gaisawa ba, kamar a kan ganyen gwaza. Ta ce uhm. Sai ta sa farcen babban yatsanta, wanda lalle ya rine shekara da shekaru, ta kankari gefen leɓena na ƙasa. Wani ɗan ɓawo ja ya fito a bakin farcen. Ta nuna ma Inna, ta nuna mani.

"Ga jiki nan. Har da ɓawo."

Ta ƙulle kwalbar a haɓar zaninta, ta dafa bango za ta miƙe. Na riƙe mata ƙafa. Na ce Hajiya biki jibi ne, na ce daga Kaduna aka kawo, na ce ko sau ɗaya ban fita da shi ba, na ce 'yar gwaggona za ta sa nata ni in tsaya gefenta kamar wadda ta tashi daga jinya. Duk ba ta ji ba. Ta sa takalmi ƙafa ɗaya ke nan aka sako ruwan nan da ake ta haɗawa tun safe, kamar da bakin ƙwarya. Kafin ka ce me tsakar gida ya cika. Hajiya ta kalli taɓon da ke tsakaninta da bayan gida, ta kalli gwiwarta, ta cire takalmin ta koma ta zauna.

"In ya ɗauke," ta ce, ta ja kwanon kununta.

Ban taɓa roƙon Allah ya daɗa ruwa kamar ranar ba.

A gidanmu wuri ɗaya ake samun sabis na kirki, can kusurwar katanga kusa da turken awaki, kuma sai kin hau kan turmi. Na kifa faranti a ka, na ratsa ruwan, na kifa turmin na hau. Sau huɗu ina kira kafin ta shiga. Na faɗa ma 'yar gwaggon tawa abin da ya faru cikin numfashi ɗaya.

"Tsaya tukuna," ta ce. "Sau nawa kika shafa?"

"Uku."

"Ɗigo uku?"

"Shafi uku. Sama da ƙasa."

Ta yi wata irin ƙara har na janye wayar daga kunne. Ina ji tana kiran ƙannenta su zo su ji.

"Ke bango kike ma fenti? Innalillahi, cikina! 'Yar ƙauye kawai!"

"Ke ce 'yar birni, Faskari Landan. Ki faɗa mani yadda ake yi, ruwa na duka na, tsohuwar nan ta ƙulle shi a zani."

Da ƙyar ta tsaya. Ta ce ɗigo uku ake yi ƙanana daga cikin leɓe, a sa yatsa a ɗan daddanna ya bazu, a haɗe baki, a jira kaɗan, sannan a goge na saman da tsumma. Abin da ya rage ya riga ya shiga fata, shi ne kwalliyar. Kafin in ce wani abu sabis ya ɗauke. Ban damu ba, na ji abin da nake so. Na diro daga turmin har na kusa faɗawa kan akuya.

Na iso rumfa sharkaf, faranti a ka, baki kamar na ci ɗanyen nama.

"Hajiya, ni na yi kuskure, ba haka ake sawa ba. A sake gwadawa. In an sa daidai rini ne kamar lalle, wallahi."

"Kada ki rantse a kan abin da ba ki gani ba."

"To a gani mana!"

"A bakin wa? Naki ya riga ya ɓaci, ba shi shaida."

Na juya wajen Inna, da ta dawo rumfa tana tsince shinkafa don kada komai ya wuce ta.

"Kada ma ki kalle ni," ta ce. "Da girmana? Babanki na hanya."

Na ce to a gwada a bayan hannun Hajiya. Hajiya ta ce fatar hannu daban ta baki daban, ita ba a yi mata wayo. Ruwan ya fara sassautawa, ina jin ƙararsa a kan kwano tana raguwa. Hajiya ta kwance haɓar zani, ta fiddo kwalbar, ta murɗe da kanta ta shinshina.

"Mu lokacinmu fure muke ci," ta ce, ba ni take kallo ba. "Furen taba. A Pauwa bayan gidanmu ake shuka ta. Ki tauna goro, ki goga furen a haƙora, ki yi ta gogawa har baki ya yi jawur. Ranar kasuwa in na yi dariya tun daga rumfar masu nono ake hango ni. Kakanku a nan ya gan ni, ya bar jakinsa ya shiga gonar mutane."

"Hajiya!"

"Mi? Ce maki aka yi da tsufana aka haife ni?" Ta miƙo mani kwalbar. "Ungo. Sa mani yadda ta ce. In ƙarya ne in ji a jikina."

Inna ta aje farantin shinkafa.

Na durƙusa, dariya ta taru mani a ƙirji tana neman hanya. Hajiya ta rufe ido ta turo baki gaba, da gaske take, fuskar nan a ɗaure kamar za a yi mata allura. Haƙoranta na gaba huɗu suka rage. Na ɗiga ɗaya, biyu, uku, ƙanana kamar ƙwayar gero. Na daddanna da yatsa. Na ce ta haɗe baki, ta haɗe da ƙarfi har kumatunta suka lotsa. Na ce a hankali, ba tuwo ba ne. Ta buɗe ido ɗaya ta harare ni. Muka jira, na goge saman da gefen ɗankwalina, ta karɓe kwalbar daga hannuna.

Abin haushi, ya yi mata kyau. Ya yi mata irin kyan da na yi shekara ina nema. Ja daga ciki, yana dusashewa zuwa waje, ba ƙyalli, a kan baƙar fuskar nan mai tsage. Ga ni gefe da hantar rago.

"Kai, Hajiya," in ji Inna a hankali, ta rufe baki da hannu.

"Ba kallo na ce ku yi ba. Miƙo buta."

Ta wanke fuska sosai, sau uku, tana cuɗa leɓen da yatsu. Ta ja gefen farin mayafinta ta goge. Wani ɗan ja kaɗan ya fito. Ta sake wankewa, ta nemi wani gefen mai tsabta ta goge, ta duba, fari tas. Ta sa farce ta kankara, ta kai farcen kusa da ido, ba komai. Ta ɗiga ruwa a leɓen ta zauna shiru tana saurare kamar mai jiran a kira sunanta a asibiti. Ruwan bai gangara ba, ya jiƙa wurin ya kwanta. Launin kuma yana nan.

A daidai nan ruwan sama ya ɗauke ɗif, sai ɗigar indararo. Kuma a daidai nan Baba ya yi sallama, ya dawo daga shago zai yi alwalar azahar.

Na ja hijabi na rufe baki. Hajiya ko motsi ba ta yi ba. Baba ya karkaɗe lema, ya cire takalmi, ya durƙusa gaban mahaifiyarsa kamar kullum.

"Hajiya, barka da ruwa. Ya ƙafar?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya kasuwa?"

Ya ɗago zai amsa. Na ga idonsa ya sauka a bakinta, ya tsaya, ya koma ƙasa da sauri kamar ya taka wuta. Ya sake ɗagowa kaɗan. Ya sake sunkuyawa.

"Lafiya dai ko, Hajiya?"

"Lafiya lau. Mi ka gani?"

"A'a. Ba komai."

"To tashi kada ka rasa jam'i."

Mutumin da in ya yi gyaran murya a zaure duk gidan ke nutsuwa, ya ɗauki buta ya fita bai ko tsaya sa takalminsa na dama daidai ba, sai a zaure ya gyara. Inna ta ruga madafa, muna jin ta tana tari, wai hayaƙi.

Hajiya ta bari sai da ƙarar ƙofar zaure ta mutu, sannan ta juyo gare ni.

"Wanda ke bakina rini ne," ta ce. "Wanda ke bakinki yaɓe ne, irin na katanga. Kin ji bambancin?"

"Na ji."

"Ba ki ji ba, kunnenki na kan kwalba. Ɗigo uku, ki goge saman. Kuma ni abin da na sani nike faɗi, ba malama ba ce, in kin je Islamiyya ki tambaya. In malamarku ta ce wani abu daban, ki zo ki faɗa mani da bakinki. Ranar da na sake ganin yaɓe kuwa, ko ana ruwan ƙanƙara sai na ratsa tsakar gidan nan."

Ta miƙo kwalbar. Na karɓa da hannu biyu, na rungume ta har ta ce zan ƙarasa mata gwiwa, na tashi na yi juyi a cikin taɓo ba takalmi.

"Sai ki je ki kankare wannan abin kafin ki taɓa buta. Ba ki yi mani salla da shi."

Man gyaɗa na sa da tsumma. Na yi ta dirza yana fitowa ɓawo-ɓawo, na ƙara mai, na sake dirza, har leɓuna suka kumbura suna zafi kamar na ci barkono. Da na gama Hajiya ta kira ni ta kankara da farce ta ɗiga ruwa, sannan ta ce in je. Lokacin har an fito daga masallaci.

Na yi alwala, na shimfiɗa darduma a ɗaki, kwalbar tana cikin aljihun siket ɗina don ban yarda in aje ta ko'ina ba. Na kabbara. Ina cikin raka'a ta biyu na ji sallamar maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da ke zuwa aron rariya. Na ji ta gaida Hajiya, na ji ta yi shiru, sai kuma:

"Ikon Allah! Hajiya, amarya aka yi ba a gaya mana ba?"

"Wace amarya," in ji Hajiya, murya a dake. "Zoɓo na sha."

Na danne dariya, na cije leɓen da ke zafi, na runtse ido. Ta hanci ta fito. Sallar ta ɓaci, na zube kan darduma ina riƙe ciki. Na tashi na nutsu, na nemi gafara, na sake kabbarawa, ina kai wa ruku'u na ji maƙwabciyar tana tambaya wane irin zoɓo ne wannan, a ina ake saida shi. Sai da na kwashi dardumar na koma ƙuryar ɗakin Inna, na rufe ƙofa da taga, sannan na samu na kai raka'a huɗu.